Shirun da Aka Yanke

Malam Mika'ilu ko sallama bai yi ba, ya miƙa hannu ta saman teburin Yari mai kaset ya danna maɓallin rikodar. Muryar matar da ke waƙa ta katse a tsakiyar baiti. Masu jiran bas a bakin Ƙofar Kibo suka waiwayo, mai shayi ya tsaya da kofi a sama, shi kuwa Yari ya ci gaba da taunar goronsa kamar ba a rumfarsa aka yi ba.

"Allah gafarta Malam, da ka bari ta kai aya," in ji Yari. "Tun safe ita kowa ke cewa in maimaita."

"Wa ya kawo maka wannan shirme?"

"Shirme kuma? Ai tarihi ne. Haka aka rubuta a jiki."

Ya miƙo masa kwalin kaset ɗin. An zana garmaho a bangonsa, zanen ya fi kama da kwatarniya da aka dasa wa kakaki, a ƙasa an rubuta Muryoyin Matan Da. Waƙoƙi ne na wasu mata huɗu waɗanda aka ɗauka a faifai tun zamanin Turawa, aka manta da su, sai yanzu a 1991 wani tsohon hedimasta na Wusasa mai suna Arthur ya tono su ya juye a kaset. Uku daga cikinsu sun daɗe da zama ƙasa, ba mai jin haushin su. Ta huɗun ce matsalar. An rubuta sunanta Sakinatu Zariya, kuma tana nan da ranta a bayan kasuwar birni, tana cin tuwo. Ita ce ta haifi Malam Mika'ilu.

Bai tsaya kan sunan ba, don tun jiya aka tsegunta masa a ofis. Abin da ya zo gani da idonsa shi ne bayanin da ke cikin kwalin, wanda wani dakta na jami'a ya rubuta. Dakta ya saurari waƙar, ya gyara tabarau, ya yanke hukunci cewa da alama mawaƙiyar mai zaman kanta ce, tana yi wa dadironta waƙa a ɓoye saboda ya yi aure ya bar ta. Har ya yaba mata da jarumta. Irin waɗannan masana haka suke, su kira uwar mutum karuwa da Hausar littafi, sannan su jira a yi musu godiya.

"Wani ya ce muryar ta yi kama da ta Iya," in ji Yari, yana kallon sama. "Na ce masa ya ji tsoron Allah. Uwar na'ibi guda?"

"Ba a naɗa ni ba tukuna."

"Ai jibi ne kawai."

Jibin nan ne ya hana Malam Mika'ilu karin kumallo. Ranar Juma'a bayan la'asar dattawan unguwa za su zauna su zaɓi na'ibin limamin masallacinsu, kuma shekara goma sha ɗaya yana gina hanyar zuwa wannan buzu. Magatakarda ne a kotu, mutum mai sitaci a riga da sitaci a fuska, wanda ko a biki aka buga kalangu sai ya tashi ya bar wurin don a ga ya tashi. Bai jahilci cewa Iya ta taɓa bin matan amada suna kiɗan ƙwarya a gidajen biki ba. Ya dai ɗauka ƙasa ta rufe zancen, tunda ta yi aure na biyu ta je Makka ta sa haƙori. Ga shi yau wani ɗan Wusasa da ba shi da aikin yi ya haƙo shi yana sayarwa a bakin titi.

Ya sa kwalin a aljihu ya hau Basfarsa. Bai kai ga kwana ba ya ji Yari ya sake kunna waƙar, ya ma ƙara mata murya.

Ya fita ta Ƙofar Kuyambana ya kama hanyar Wusasa yana shirya kalaman da zai yi, da ambaton sammaci, da ambaton ɓata suna. A ransa kuwa ba Arthur kaɗai yake zagi ba. Iya ce kan gaba. Tun yana ɗan shekara biyu, ranar da aka yaye shi, aurenta da mahaifinsa Malam Shehu ya mutu, gwaggonsa ta goya shi ta tafi da shi gidansu. Daga nan Iya ta zama wata mata da ake kai shi ya gaida da salla. Shi ne ɗan fari, kuma ya san uwa tana yi wa ɗan fari alkunya, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Amma kowace uwa takan yi nata da sassauci, ta saci ido, ta tura ƙosai ta hannun wani. Ta Iya ba sassauci. In ya durƙusa gaida ta, bango take amsa wa. Shekara arba'in da shida sunansa a bakinta "mutumin nan". Ya daɗe da yanke wa kansa cewa ba kunya ba ce, rashin so ne aka lulluɓe da mayafin al'ada. Yau kuma an ba shi dalili a rubuce: ashe zuciyar tana wurin wani ƙato.

Gidan Arthur na kwano ne, da furanni a cikin gwangwanayen madara, da bishiyar gwaiba a ƙofa. Mai gidan ya fito da singileti da wandon kaki, dogo, furfura ta gama da kansa. Ya yi wa baƙon maraba da Hausar Zazzau wadda ta fi ta baƙon tsabta, abin da ya ƙara ɓata wa Malam Mika'ilu rai.

"Daga dangin matar da kuka ci wa mutunci nake," ya ce, bai ko zauna ba.

"Wacce daga ciki?"

"Sakinatu."

Tsohon ya dafa ƙyaure. "Tana da dangi? Malam, shekara talatin ina tambaya. Tana raye?"

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ku janye kaset ɗin nan daga kasuwa, ko mu haɗu a kotu."

"Shigo daga rana tukuna. Kotu ba ta gudu."

Ɗakin cike yake da fayafayai, a kan kabad, a ƙarƙashin kujera, har a inda ya kamata a ajiye kwanukan uwargida. Kowane yana cikin rigarsa ta takarda. Malam Mika'ilu ya dube su da kallon da yake yi wa masu ƙarar akuya. Mutum da jikoki, ya ƙare rayuwarsa yana goge ƙura daga muryoyin zabiyoyi.

"Mahaifina ya fara tara su," in ji Arthur. "Wani Bakwara ne, irin Larabawan nan masu kanti, ya kawo injin ɗauka Sabon Gari, yana kiran mata ana ba su turmin atamfa su yi waƙa. Maza an san su, an yi musu hotuna. Matan nan kuwa, wata ma ko sunanta ba a rubuta ba. Na ce kafin in mutu bari mutane su ji. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"Maganin ke nan, a ce da matar mutane mai zaman kanta?"

"Wannan rubutun Dakta ne. Ni ma bai kwanta min ba. Amma in ba sunan dakta a kwali, wa zai kalli kaset ɗin tsohon tica?" Ya ja tsaki. "Shi da injiniyan Kaduna da ya juye min faifan a kaset, ban san wanda ya fi ɓata min aiki ba. Ka saurari kaset ɗin?"

"Ba na sauraren kiɗa."

"To yau za ka yi haƙuri. Na kai wa yaron nan faifai lafiya lau, ya ce wai akwai ramuka a waƙar, mawaƙiyar tana mantuwa. Ya sa reza ya yanke kowane wuri da ta yi shiru, ya liƙe zaren. Wai ya yi min gyara, yana jiran in yaba. Zauna ka ji yadda take."

Malam Mika'ilu ya zauna a bakin kujera, don dai ya sami hujjar da zai rubuta. Arthur ya zaro faifan da hannu biyu. A kan rigar an rubuta 1947 da fensir, rubutun mahaifinsa na ranar da ya saya. Ya juya hannun garmahon, ya ɗora allura. Aka fara jin ƙara kamar ana suya, sai ƙwarya ta shigo, sai muryar yarinya, siririya, ba ta ko rawa.

Ruwa na nan cikin tulu,
ina ƙishi, an hana ni sha,

Nan ta tsaya. Ƙwarya ba ta tsaya ba, ta buga huɗu ita kaɗai, sannan muryar ta dawo.

Ku gaishe shi, don Rasulu,
ni in mun haɗu sai in kau da kai,

Ta sake yin shiru, ƙwarya ta sake buga huɗu.

Kar ya ce da ni butulu,
yana gidan da ba ni shiga,

"Ka ji?" in ji Arthur, ya ɗaga allurar. "Ba karcewa ba ce, ba mantuwa ba ce. Masu kiɗa sun san da wurin, suna jiran ta. Suna ne take haɗiyewa. Tulu, Rasulu, butulu, ka ga dole sunan ya ƙare da lu. Kuma gaɓa huɗu ne, ƙwarya ta ƙirga mana."

Jinin magatakarda ya motsa. In dai akwai suna, to akwai wanda ake tuhuma, kuma Malam Mika'ilu ya ƙudura sai ya san ko wane ɗan iska ne. Mahaifinsa Shehu ne, bai shiga ba ko ta ina. Ya shiga lalubo tsofaffin birni, matattu da masu rai.

"Halilu," ya ce. "Akwai wani Halilu mahauci."

"Uku ne. Na gwada."

"Jibrilu."

"Uku."

"Bilalu."

"Malam, ni da matata mun ƙare sunayen duniya a kan faifan nan." Arthur ya mayar da allurar farko, suyar ta sake tashi. Ya jawo takarda da biro. "Bari dai in rubuta ƙorafinka in kai wa Dakta. Af, ka ga tsufa, ko sunan baƙona ban tambaya ba. Malam wa zan ce?"

Yarinyar cikin faifan ta ce an hana ta sha, ta yi shiru.

"Mika'ilu," ya ce.

Sunan ya zauna a kan bugu huɗun nan daidai, bai yi saura ba, bai yi gibi ba. Muryar ta ɗora daga inda ya ajiye. Arthur ya tsaya da biro a kan takarda, bai rubuta komai ba. Suka bar faifan ya yi ta juyawa har ya ƙare, baiti tara, shiru tara.

"Kai ne na fari?" Arthur ya tambaya a hankali.

"Ni ne."

"Wace shekara aka yaye ka?"

Malam Mika'ilu ya dubi 1947 ɗin da aka rubuta da fensir. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ba ta mutane ba ce. Dakta baƙo ne, ya ji mace tana kukan wanda ba ta iya runguma, ya ce dadiro. Injiniya yaro ne, ya ji shiru ya ce rami. Shi fa? Shi da aka kau wa da kai a hanya shekara da shekaru, ya karanta ƙaryar nan da safe ya gaskata ta tun kafin ya kai ƙarshen layi, har da jin daɗin an tabbatar masa da zarginsa.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kafin ya miƙe, lissafin Juma'a ya dawo masa. Uwa mai waƙar dadiro daban, uwa mai begen ɗanta daban. Ta biyun ko a gaban liman ana iya faɗa, a zubar da ƙwalla, a ce Allah sarki.

"Sai a gyara rubutun," ya ce. "Kafin jibi."

"Kwali ba wuya, gobe ma sai a buga sabo. Dakta ne ba zai janye ko wasali ba don ni da kai mun ƙirga gaɓa. Zai ce son zuciya ne. Sai dai in ita ta zauna gaban rikodarsa ta faɗa da bakinta." Tsohon ya rako shi har gindin gwaiba. "Ka gaishe ta. Ka ce akwai wani tsoho a Wusasa da ya san waƙarta da ka."

Ana kiran la'asar ya isa bayan kasuwa. Ya yi salla a masallacin lungun, ya jingine Basfa a zaure ya shiga. Iya tana tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana tsince wake a faifan kaba. Ƙanwarsa Rahmatu, wadda Iya ta haifa a aure na biyu, tana hura wuta. Ita Rahmatu sunanta ba ya hutawa a gidan nan, sau hamsin ake kiran sa a wuni, da zagi da lallashi.

Ya durƙusa. "Iya, barka da yamma."

"Lafiya lau," ta ce da katanga. "Rahmatu, shimfiɗa wa mutumin nan buzu."

Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, shi da ke karanta wa mutane hukunci ba ya ko tari. Daga bisani ya zaro kwalin ya ajiye a gefen tabarma.

"An ce an fitar da wata tsohuwar waƙa."

"Na ji ta," in ji Iya. "Matan gidan Jumare sun ƙure ta tun shekaranjiya don su ga ko zan yi magana. Da ma ba su da sana'a."

"An yi rubutu a ciki."

"Rahmatu ta karanta min. Wai dakta ne. Na ce wannan ko zazzaɓi kada a kai masa."

Rahmatu ta ƙunshe dariya a bakin murhu. Malam Mika'ilu bai yi dariya ba.

"Na je Wusasa, Iya. Na ji faifan na asali."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta juyo ba. Ta ɗauki wata tsakuwa ta jefar, ta ci gaba.

"Sun ce za su goge rubutun nan," ya ce. "Abu ɗaya suke so. A zo da rikoda gobe, ki faɗi wanda aka yi wa waƙar. Kalma ɗaya ce."

"Rahmatu, tambayi mutumin nan, a gidan gwaggonsa haka aka koya masa?"

"Iya, jibi dattawa za su zauna. In rubutun nan yana nan, ba wanda zai bi ni salla."

"To ya bi wani. Ladan sallar ai ɗaya ne."

"Sunanki ake ɓatawa."

Sai ta ture faifan waken gefe. Har yanzu katanga take kallo, amma muryar ta sauya, ya ji ragowar yarinyar nan a cikinta.

"Ina da shekara goma sha tara na tsaya gaban Bakwara da injinsa, ga maza cike da ɗaki, nono na zuba a zane. Ya ce in faɗi sunan ya ƙara min atamfa. Ban faɗa ba. Sai yanzu da haƙori huɗu a baki zan zauna gaban wani ɗan boko in ce ga wanda na yi wa kuka? A sa a kaset, Yari ya ƙure a bakin titi, Zazzau duka ta ji Sakinatu ta buɗe baki a kan na fari?" Ta ja tsaki mai tsawo. "Su ce karuwa. Karuwa ai ta tuba a yafe mata. Marar kunya fa, ina za ta kai fuskarta?"

Rahmatu ta daina hura wutar. Hayaƙi ya yi ta tashi ba mai kula shi.

Malam Mika'ilu ya san Iya. In ta ja irin wannan tsaki, ko Sarki ya aiko sai dai ɗan aike ya sha ruwa ya koma. Na'ibanci ya tafi, ya ga tafiyarsa sarai, har ya hango wanda za a ba, wani mai kantin fenti da ba ya bambance kasra da fataha. Ya jira baƙin ciki ya taso masa, abin ya zo, amma bai kai yadda ya zata ba. Tsohuwar nan ta ƙi shi a gaban ƙanwarsa, ta rusa masa ginin shekara goma sha ɗaya, kuma tun da aka haife shi ba ta taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba.

Ya ɗauki kwalin zai mayar aljihu.

"Rahmatu," in ji Iya, ta jawo wakenta. "In mutumin nan zai sake bi ta Wusasa, ya gaya wa mai faifan cewa rubutun bai dame ni ba, su bar wa dakta abinsa ya ci da shi. Amma wuraren da suka yanke, su mayar min da su yadda suke. Duk waƙar nan, nan ne kaɗai na yi magana."

"To, Iya," ya ce, ya miƙe yana neman takalmansa.